Kwikwiyon Madam Tereza

Dubai, 18 ga Oktoba, 2019

Zuwa ga Kawu Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da duk mutanen Burra. Ni ma lafiya lau nake, sai zafin garin nan da har yanzu bai gama sauka ba.

Na san za ka juya takardar nan kana neman mai ita. Ni ce Muhsinat, 'yar Rabi ta Kano, jikar Hajiya Sharifa yayar mahaifinka. Rabon da mu haɗu tun sunan ɗan farin 'yarka Yaya Barira, ranar da na haye kan turmi ina ihu don karnukanka sun zo shinshina ni. Mama ta ce ƙarar bindiga ta taɓa maka kunne, waya ba ta yi maka amfani, shi ya sa na rubuto. Akwai wani Malam Illa, mutumin Maraɗi, mai ofishin aika kaya a unguwar Deira. Shi zai ba 'yan kasuwa su kai Kano, daga can direban Ningi ya kawo maka. In ka ba direban amsa, ta wannan hanyar za ta dawo.

Shekara biyu ke nan ina aikin nas a nan, wajen wani kamfani da yake tura mu jinya gidajen mutane. Tun watan azumi nake zaune da wata tsohuwa 'yar Lebanon, Madam Tereza, a unguwar Dubai Investments Park. Shekarunta saba'in da shida. Mijinta ya rasu, bayan wata biyu ɓarin jikinta na dama ya shanye. Likita ya ce za ta iya sake tafiya in ta yarda da motsa jiki, amma ta ƙi. Magana ma sai in yini ban ji kalma biyar daga bakinta ba.

Sati uku da suka wuce ɗanta Iliyas ya shigo da kwikwiyo a kwali. Ja ne, siriri, ƙafafu zalau-zalau, an ce a bayan wani sito aka tsince su a Ras Al Khor. Ya ɗora mata shi a cinya. Kawu, matar da ba ta magana ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Zaitun." Sunan ke nan ya bi shi. Yanzu da shi take karyawa, shi take yi wa hira da Larabci.

Matsalar ita ce Zaitun bai san inda ake fitsari ba. Falo, kicin, ƙofar ɗakina, ko'ina nasa ne, kuma kullum da asuba sai na tarar ya yi kashi a bakin kujera. Gidan tayil ne, in ya jiƙe santsi yake yi, ga shi ina so in fara tsayar da Madam da sanda. Iliyas ya ce in sabuwar shekara ta zo bai daina ba, khalas, shi ke nan, zai mayar da shi inda ya ɗauko. Na duba waya, kowa da abin da yake faɗa, kaina ya kulle. Da na yi wa Mama ƙorafi sai ta yi dariya, ta ce a danginmu kaf mutum ɗaya ne kare yake jin maganarsa.

Ba zan ɓoye maka ba, har yau tsoronsa nake ji, kuma ina damuwa da tsarkin kayan sallata. Ka taimake ni da abin da ka sani.

'Yarka,
Muhsinat


Burra, 7 ga Nuwamba, 2019

Zuwa ga 'yata Muhsinat,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar kasuwa, na karanta sau uku. Lafiya muke, an fara yankan dawa, sai gwiwata ta hagu da take yi mini tsiya in na daɗe a tsaye. Na tuna ki sarai. Ba turmi kika hau ba, kan buhun gyaɗa ne, kuma karyar da ta shinshine ki ba ta taɓa cizon kowa ba har ta mutu.

Ki yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci na yi.

Yadda kika kwatanta shi, jininsa na karnukan Buzaye ne, masu gudu. Irin su suna da zuciya, suna da kunya, ba a yi musu tsawa. Ni ban taɓa ajiye kare a ɗakin kwana ba, amma duk kwikwiyon da na raina sai da na koya masa gefen da zai riƙa zuwa a bayan danga, don ba na son ƙazanta a tsakar gida. Cikin kare ɗaya ne ko a Burra ko a Dubai.

Ki zaɓi wuri ɗaya a waje, kada ki canza. Da ya farka daga barci, ki ɗauke shi ki kai shi can. Da ya gama ci, ki kai shi. Da ya gama wasa, ki kai shi. In kin ga yana shinshina ƙasa yana zagaye, kada ki tsaya neman takalmi. Ki tsaya da shi shiru har ya yi, yana gamawa ki yabe shi da murya mai daɗi, ki ba shi ɗan abin da yake so a nan take. In kin bari kun koma ɗaki, bai san ladan me kika ba shi ba. Inda ya ɓata a cikin gida ki wanke har wari ya fita, don hancinsa ne yake mayar da shi.

Sai maganar abinci. Kada ki bar masa kwano a gaba yana ci duk sa'ad da ya ga dama. Ki auna abincin yini ki raba uku. Tunda kin ce da asuba kike tarar da ɓarna, ki ba shi duka tun kafin la'asar, zuwa magariba cikinsa ya sauka, ki fita da shi bayan isha.

Batun tsarki, ki tambayi malami a nan don hankalinki ya kwanta. Ni dai abin da nake yi, kwanonsu daban, kuma ina da rigar salla da ba ta zuwa inda suke. Ki hana shi ƙofar ɗakinki tun yana ƙarami, zai kiyaye.

Na ji daɗi ƙwarai da kika tuna da ni. Mai tsoron kare da ta tsaya tana goge fitsarinsa don wata tsohuwa ta samu abokin hira, Rabi ta yi tarbiyya. Ga zuma 'yar kaɗan a gora, ki ɗanɗana wa Madam.

Kawunki,
Labaran


Dubai, 6 ga Disamba, 2019

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ina lafiya. Saƙo ya iso, na gode da zuma, sai dai murfin gorar ya saki a hanya, ta manne takardar. Da na ɓamɓare, layi biyu ko uku sun tafi, amma na karanta sauran.

Na bi abin da ka ce. Na zaɓi gindin wata bishiya a lambun da ke bayan barandarmu. Sati na farko sau goma sha ɗaya nake fita da shi a yini, har maigadin unguwa ya fara yi mini dariya. Ya fara ganewa, da rana kusan ya daina ɓata falo. Na asuba ne ya ƙi.

Akwai layin da na yi ta karantawa ina ajiyewa, inda ka ce tunda da asuba nake tarar da ɓarna, in ba shi duka tun kafin la'asar. Na yi mamaki, don bai yi kama da sauran takardar ba. Na ce wataƙila haka mafarauta suke yi, a ja masa kunne tun da rana don ya kwana da shi. Kwana tara ban yi ba. Sai ranar Talata da safe, na tsayar da Madam a karon farko, ƙafarta mai lafiya ta taka wani ɗan fitsari da ban gani ba a gefen kujera. Ta zame. Allah ya sa ina riƙe da ƙugunta, mu biyu muka zube a kan kujera maimakon ƙasa. Na zaunar da ita, na goge wurin. Da la'asar ta kusa, na ɗauki silifas na yi masa biyu a gindi.

Bai yi kuka sosai ba. Ya kalle ni ne kawai, ya shige ƙarƙashin gado. Ban san Madam tana gani daga kekenta na guragu ba. Ta ce da ni, "Me ya yi miki yanzu?" Lokacin da na dake shi kuwa, kwance yake yana tauna igiyarsa.

Tun ranar, in na miƙa hannu sai ya maƙale. A gindin bishiya ba ya yi in ina tsaye, sai mun dawo ya lallaɓa bayan labule ya yi a ɓoye. Madam ta yi kwana uku ba ta yarda na taɓa ƙafarta ba, abinci ma sai ta juya fuska. Iliyas ya zo ranar Juma'a, ya ga labulen, sai ya duba kalandar da ke bango.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, hannuna ne ya ɗauki takalmin. Amma in haka ake horar da karnukan farauta, ina ganin wannan ba irinsu ba ne, ni ma ba zan iya ba. Ban san ko zan sake damun ka da wannan magana ba.

Muhsinat


Burra, 23 ga Disamba, 2019

'Yata Muhsinat,

Wa'alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda take. Takardarki ta hana ni cin tuwo ranar da ta zo. Na ba direba kuɗin mai don ya juya da wannan gobe, kada ta jira kasuwa.

Abinci nake nufi. Layin da zuma ta cinye, cewa na yi ki auna abincin yini ki raba uku, ki ba shi duka abincin kafin la'asar, don cikinsa ya sauka kafin ya kwanta. Da na san kalma ɗaya za ta jawo haka, da na rubuta gaba ɗaya. Laifin alƙalamina ne da murfin gorata.

Amma na ji ciwo da kika ɗauka haka nake yi. Shekara arba'in da bakwai ina shiga daji da karnuka, sau ɗaya na taɓa dukan kare. Ina saurayi, wani baƙin kare na babana ya cinye mini zomon da na harbo, na zane shi da tsumagiya. Bayan kwana biyar muka shiga daji, ya bi gada ya yi nisa. Na yi ta kira. Na hango shi a kan wani tudu yana kallona, ya ƙi zuwa, don a saninsa kirana duka ne. Duhu ya raba mu, ban sake ganinsa ba. Babana bai yi mini faɗa ba, ya dai hana ni riƙe kare shekara guda.

Naki bai yi nisa haka ba. Biyu ne da silifas, kuma yaro ne. Ga abin da za ki yi. Ki daina bin sa. Ki zauna a ƙasa, ki ba shi gefenki, kada ki kalli idonsa, ki sa abincinsa a tafin hannu ki ajiye hannun a kan tayil. In bai zo yau ba zai zo jibi. Duk abincinsa na sati guda daga hannunki ya fito. A gindin bishiya ki sa masa doguwar igiya, ki juya masa baya kamar ba ruwanki. In ya ɓata a ɗaki, ki goge ba tare da ko tsaki ba.

Madam kuma ki ba ta haƙuri da baki, ki gaya mata yadda aka yi. Ki ce mata wani tsoho mai mugun rubutu ne ya jawo.

Da wata ce, da ta ɓoye mini ta ce ai bai yi aiki ba. Ke kin faɗi abin da hannunki ya yi, kuma kin gaya wa dattijo a fuskarsa cewa ba za ki bi shi a kan abin da kika ga ba daidai ba. Na yi fushi na yini ɗaya, daga baya na ga abin so ne. Ki ci gaba da damuna.

Kawunki,
Labaran


Dubai, 14 ga Fabrairu, 2020

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma neman afuwa. Ranar da na karanta takardarka a ofishin Malam Illa, kunya ta sa na rufe fuska da mayafi, har ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Lafiyata ƙalau. Na saka maka man shafawa na gwiwa a cikin ambulan, safe da yamma.

Takardar ta iso ana saura kwana biyu sabuwar shekara. Na fassara wa Madam ita da Turanci daga farko har ƙarshe, har da labarin baƙin kare. Ina gamawa ta sa na kira mata Iliyas. A gabana ta ce masa in ya ɗauki Zaitun, ya haɗa da ita. Ya ƙara mana wata ɗaya.

Kwana huɗu ina zama a ƙasa da abinci a hannu kafin ya zo. Da harshensa ya taɓa tafina, saura kaɗan in zabura, na dai cije. Yanzu in na zauna sai ya zo ya ɗora haɓarsa a ƙafata. Abincin ƙarshe ƙarfe uku da rabi, kuma tun sati na biyu na daina tarar da komai da asuba. Yau kwana ashirin da shida ke nan bai ɓata gidan ba.

Akwai abin da na ƙara da kaina, ban san ko za ka yarda ba. Na rataye ƙaramar ƙararrawa a ƙofar baranda daidai hancinsa, duk fita sai na kaɗa ta. Cikin kwana goma ya gane, yanzu shi yake bugawa in ya matsu. Wani lokaci ƙarya yake yi, tsuntsu ya hango, amma ina buɗewa don kada ya daina.

Babban labarin shi ne na Madam. Na ce mata ladan da ake ba shi daga hannunta ya kamata ya fito, kuma na dama. Hannun da wata tara ta ƙi motsawa, yanzu da shi take ɗaukar 'yar ƙwayar nama da yatsa biyu. Tana zubarwa, tana zagi da Larabci, tana sake ɗauka. Ranar Lahadi ina kicin na ji ƙararrawa, hannuna da kumfa, na ce ina zuwa. Da na fito sai na gan ta a tsaye da sanda, ta bar keken a baya. Na so in ruga, na tuna yadda ka ce in juya baya kamar ba ruwana, sai na bi ta a hankali, hannuna a kusa da ƙugunta ba tare da na taɓa ba. Taku goma sha huɗu ne daga kujera zuwa ƙofar. Ta murɗa da kanta, ta ce, "Yalla, habibi," wato mu je, masoyi. Shi kuma ya tsaya yana jiran ta gama buɗewa, bai ture ta ba.

Ƙofar ɗakina kuwa, a bakin yake kwanciya in ina salla, ko yatsa ba ya tsallakawa.

Ga hotonsu. Madam ta ce in tambaye ka ko kare irin wannan zai iya kama zomo, don tana zarginsa da lalaci.

'Yarka,
Muhsinat


Burra, 12 ga Yuli, 2020

'Yata Muhsinat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Madam da Zaitun. Mu damina ta sauka da kyau, gero ya kai gwiwa.

Na amsa takardarki ta Fabrairu tun a watan Maris, ban ji komai ba. Wata huɗu ke nan. Direba ya ce jirage sun tsaya saboda wannan cuta, ya ce takardata tana nan a shagon Kano. Na yarda da shi da rana. In na zauna ni kaɗai kuma sai in ce wataƙila aiki ya ƙare, kwikwiyo ya koyi abin da zai koya, me ya rage a faɗa wa tsohon ƙauye. In haka ne ba komai, ba ki ci mini bashin komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne an ce cutar ta fi kama tsofaffi da masu jinya, ku kuma gidanku ga tsohuwa ga mai jinya. Na aika a tambayi Rabi, aka ce ta ce kina lafiya, amma Rabi ko gidanta na ci da wuta lafiya za ta ce.

Hoton yana cikin aljihun rigata. Na nuna wa abokan farauta, sun ce ƙirjin karen nan na gudu ne. Ki gaya wa Madam zai kama zomo har biyu, in ta daina ba shi nama a kujera. Maganar ƙararrawa kuwa na yi ta juya ta. Ni kare nake karanta, ban taɓa tunanin in ba shi hanyar da zai kira ni ba.

Tsohon karena, na ƙarshen da ya rage, ya mutu a watan azumi. Tsufa ne, bai sha wahala ba. Gwiwa ta kumbura, gona ma sai na ba da haya bana. Barira ta matsa in koma wajenta Bauchi, ina ta ja.

Zan ba direba wannan ita ma, ta je ta samu 'yar'uwarta.

Kawunki,
Labaran


Dubai, 20 ga Nuwamba, 2020

Kawuna,

Wa'alaikumus salam. Takardunka biyu sun iso tare shekaranjiya, a ɗaure da roba ɗaya. Malam Illa ya rufe ofis wata shida, sai yanzu 'yan kasuwa suka dawo. Ina lafiya, cutar ba ta shigo gidanmu ba. Na yi baƙin cikin karenka. Amma Kawu, yaya za ka ce aiki ya ƙare? Takarda uku na rubuta maka a cikin dokar kulle, suna nan a jakata, na haɗo maka su ka ga shaida.

Lokacin kulle an rufe lambun unguwa, fita sai da izini. Zaitun yana buga ƙararrawa, ni kuma ba inda zan kai shi. Ranar farko ya riƙe fitsari tun safe har la'asar yana kuka, ya ƙi yi a cikin gida. Na samu faffadan faranti na roba na cika da yashi a baranda, na roƙi maigadi ya ɗebo mini ƙasa daga gindin bishiyarsa na barbaɗa a kai. Ya shinshina, ya kalle ni, ya yi. Sati uku muka yi a haka. Ba mai shigowa, ba mai fita, daga ni sai Madam sai shi. Ina ganin ba don shi ba da ta koma gado. Kafin ƙarshen zafi tana zagaya lambu da sanda, igiyarsa a hannun dama.

Yanzu ga abin da na daɗe ina jinkirin rubutawa. Sun tafi. An mayar da aikin Iliyas Kanada, ya tafi da mahaifiyarsa ranar uku ga wannan wata. Ya so a bar Zaitun, don tafiyar awa goma sha huɗu ce kuma a keji zai yi ta, a cikin kayan jirgi. Madam ta ce a tambaye ni ko zai iya. Na ce a ba ni wata biyu.

Ba wanda zan tambaya, sai na yi ta tunanin yadda za ka yi. Na ajiye kejin a falo a buɗe, na sa abincinsa a ciki da tsohon mayafin Madam. Sai da ya fara shiga barci da kansa na fara rufewa, minti biyar, rabin awa, har ya kai yana yin rabin yini ba kuka. Ranar tafiya na ba shi abinci da wuri, na zagaya da shi sau uku. A filin jirgi ya shiga da ƙafarsa. Madam ta riƙe hannuna da hannun nan na dama, ta matse har na ji zafi, ta ce, "Kin ji? Ke kika yi wannan." Na ce mu uku ne, ni da Zaitun da wani tsoho a Burra. Ta ce ta sani, in gaya maka tana yi maka addu'a irin tasu, in ba za ka ƙi ba.

Iliyas ya turo saƙo da suka sauka. Ya ce da aka buɗe kejin a bushe yake. Zaitun ya fito yana rawar sanyi, ya ja shi har wajen gini, sai da ya samu ciyawa sannan ya tsuguna, ya daɗe bai tashi ba. Na karanta a cikin jirgin ƙasa na metro, na yi ta hawaye a bayan takunkumi, wata 'yar Filifin ta miƙo mini tishu.

An ba ni sabon gida a Deira, wani dattijo mai ciwon suga. Mutanen kirki ne. Sai dai har yanzu ƙarfe uku da rabi in ta yi, sai in ji kamar na manta wani abu.

Ka je Bauchi, Kawu. A matsayin nas nake faɗa, gwiwar nan tana son asibiti.

'Yarka,
Muhsinat


Bauchi, 9 ga Janairu, 2021

'Yata Muhsinat,

Wa'alaikumus salam. Kin ga daga inda nake rubutu. Na bi maganarki tun kafin ta iso ni, sati biyar ke nan ina gidan Barira. An zuƙe ruwa a gwiwar, ina takawa da sanda. Takardunki huɗu sun biyo ni nan, na karanta su bi da bi, na ji kunyar abin da na rubuta a watan Yuli. Ki yafe wa tsoho.

Ki gaya wa Madam na karɓi addu'a, ni ma ina yi mata fatan alheri.

Na san abin da kike ji da ƙarfe uku da rabi. Na raini karnuka sun fi talatin, rabinsu a hannun wasu suka ƙare. Wanda duk ya je gidan wani ya zauna lafiya, shi nake ƙirgawa a cikin aikina mai kyau. Naki ya haye teku a cikin akwati bai kunyata ki ba. Na gaya wa mijin Barira, ya ce ƙarya ne, na ce ya zo ya karanta da idonsa. Ni ban taɓa yin irin wannan ba, kuma ban san mafarauci da ya taɓa yi ba.

Yanzu ga tawa matsalar. Da zan taso daga Burra, wani abokina ya saka mini kwikwiyo a mota, 'yar mace, fara mai baƙin kunne, jikar tsohon karena. Na ce ba na so, ya yi kamar shi ne kurman. Gidan Barira kuwa a sama yake, hawa na biyu, ko'ina siminti da tayil, ba danga ba ƙasa. Matakala ashirin da biyu ce, kafin in sauka da wannan ƙafa ta riga ta yi a ta biyar. Barira ta yi haƙuri sati biyar, jiya ta ce ko ni ko ita ko karyar, ɗaya zai bar gidan.

Ki rubuto mini yadda kika yi farantin yashi, faɗinsa da zurfinsa, da sau nawa ake canzawa. Ki faɗa mini irin ƙararrawar da tsayin da ake rataye ta, da yadda ake hana su yin ƙarya da ita. Ki yi da manyan baƙi, dalla-dalla, don ɗalibin naki ya tsufa. Barira ta ce in an rubuta a ɗauki hoto a turo ta wayarta, ya fi sauri, ta ba ni sati uku.

Ina jira.

Kawunki,
Labaran